Kundin aikin raba gida da zarnin kyanwa a Unguwar Rimi, Kaduna

Litinin, 4 ga Agusta, 2025

Gidan mai ɗaki uku ne da falo, da baranda a gaba. Kyanwowi biyu ne a ciki, mace da muzurun da ba a yi wa fiɗiya ba, sai karen gadi da ke kwana a baranda. Ƙorafin masu gida shi ne tun da damina ta kankama falo ke zarni, alhali duk hunturu da bazara hancin kowa bai ji komai ba, kuma kullum sai an goge ƙasa da Dettol an turara turaren wuta.

Babu abin mamaki a nan. Fitsari in ya bushe ruwan ne kawai ya tafi, gishirinsa na nan kwance cikin zare da soso da ƙofofin siminti. A hunturun Kaduna iska a bushe take ƙayau, sai gishirin ya yi lamo. Da laimar Yuli da Agusta ta shigo sai ya tsotsi danshi, ƙwayoyin cuta su koma cin sinadarin yuriya suna fitar da amoniya, wato wannan warin mai hawa ka. Na muzuru ya fi muni domin akwai wani sinadari mai suna felinin da yake fitarwa da yawa, wanda in ya ruɓe yake ba da wari mai farar wuta a ciki. Turare ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan, hawa kansu kawai yake yi, su haɗu su ba da wani wari na uku.

Abu uku muka hana daga yau. Na farko Dettol da Izal: dangin sinadarin finol ne, hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, tana taka jiƙaƙƙen ƙasa ta lashe ƙafa ya shiga cikinta. Na biyu Hypo ko Jik a kan fitsari, domin bilic in ya haɗu da amoniya yana tayar da iska mai ƙona ido da huhu, haka ma in ya haɗu da khal. Na uku ruwan zafi, don yana dafa tabon ya kama zare, kamar yadda jini ke kama tufa in an wanke da tafasasshen ruwa.

Talata, 5 ga Agusta

Bayan Isha'i muka kashe fitilu, muka saki labule, muka bi gidan da tocilan mai shuɗin haske irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Busasshen fitsari na nunawa ruwan ɗorawa mai ratsin kore, dishi-dishi. Abin da ke ƙyalli fari fat ko shuɗi mai haske yawanci ragowar Omo ne, kar ya ruɗi mutum. Duk inda aka yi shakka sai a fesa ɗan ruwa, a jira minti biyu, a kai hanci. A riƙe tocilan kusa, kamar taku ɗaya daga ƙasa, in an ɗaga sama ba a ganin komai.

Mun zagaye kowane wuri da alli, a kan kujera kuma da salatif ɗin takarda. Wuri goma sha huɗu: uku a kafet ɗin tsakar falo, biyu a kujera mai cin mutum uku, huɗu a layin tayil na gindin bango, biyu a ɗakin yara kan ledar ɗaki, ɗaya a ƙafar kabad, biyu a baranda.

Siffar tabon na faɗin wanda ya yi shi. Wanda ya kwanta a ƙasa kamar faifai na tsugunno ne. Wanda ke jikin bango ko bayan kujera, taƙi ɗaya zuwa biyu daga ƙasa, ya kuma zubo layi-layi, wannan feshin muzuru ne yana shata iyakarsa. Takwas cikin sha huɗun irin wannan ne, shida a jikin bango da kujera, biyu a kabad da bakin ƙofa. Ke nan in ba a yi maganin muzurun ba wankin banza za a yi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Kayan aiki sun haɗu. Farin khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, lita biyu. Bekin soda kilo ɗaya, kuma a lura, ba baƙar hodar da ake sa wa cincin da kek ba ce, ita waccan an riga an haɗa ta da asid da sitaci. Haidirojin feroksayid daga kemis, wanda muka samu mai kashi 6 ne, don haka za a tsinka shi rabi da rabi da ruwa ya koma kashi 3. Sabulun ruwa na wanke-wanke, sirinji mai cin mil 20, kwalbar feshi, burushi mai tauri da tsohon burushin haƙori, safar hannu, fararen tsofaffin tawul masu yawa. Farare, domin mai launi na iya zuba a kan kujera.

Maganin inzayim shi ne ya ba da wahala. A Babbar Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi duk wanda aka tambaya sai ya miƙo turaren fesa ɗaki. A shagon sayar da magungunan dabbobi aka samu. A karanta jikin robar, sai an ga an rubuta cewa yana ɗauke da inzayim kuma na fitsarin dabbobi ne. Aikinsa shi ne narkar da abin da ruwa da sabulu suka kasa ɗagawa, irin su yurik asid da da ƙyar yake narkewa a ruwa. Yana da sharuɗɗa: sai wurin na jiƙe yake aiki, zafi na kashe shi, bilic da khal da sabulu mai ƙarfi ma haka.

Dardumar salla biyu da aka samu a falon mun ware su. A mazhabar Malikiyya fitsarin kyanwa najasa ne ko da yake ita kanta ba najasa ba ce, don haka za a kwarara musu ruwa har ya fita fes, sannan a jiƙa su cikin inzayim.

Asabar, 9 ga Agusta

Kafet. Mun tsinko zare ɗaya daga gefe muka kai masa ashana: ya narke ya dunƙule kamar ɗan dutsen ado, ke nan na roba ne. Da gashin tumaki ne da ya yi ƙaurin gashi ya zama toka, kuma da ba mu kusance shi da feroksayid ko soda ba.

Da aka kifa shi, tabon da a sama bai fi tafin hannu ba, a ƙasa ya kai faɗin faranti. Wannan shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi, a goge inda ido ya gani, a bar kashi biyu cikin uku a ƙasa. Mun fitar da shi tsakar gida, muka ɗora kan benci biyu yadda ruwa zai ratsa ya zube. Ruwan sanyi bokiti uku a kowane tabo daga baya, har ruwan da ke ɗiga ya daina yin ɗorawa. Wannan ma ya zama dole saboda Dettol da Omo da aka yi ta zubawa, in ba a ɗauraye su ba su za su kashe inzayim ɗin. An shimfiɗa tawul an taka da ƙafa har ya daina jiƙewa. Dannawa ake yi, ba a cuɗawa. Cuɗa na baza tabon ya kuma tayar da gashin kafet.

Sannan inzayim, gaba da baya, har ya wuce layin alli da faɗin yatsu huɗu. Aka rufe da leda awa shida don kar ya bushe da wuri, aka yaye, aka jingina a rumfa da fanka a kansa. Hadari ya haɗo da la'asar, dole aka shigar da shi gareji.

Talata, 12 ga Agusta

Kafet ya kwana uku kafin ya bushe, har ya fara warin gumi a gefe ɗaya saboda an ɗauke wuta kwana guda fanka ta tsaya. Da rana ta fito aka shanya shi awa huɗu, warin gumin ya tafi. Tabo biyu sun mutu. Na uku, wanda ya fi tsufa, yana nan da ɗan saura, an sake masa zagaye na biyu.

Tayil ɗin falo kansa lafiya lau, gilashin fuskarsa ba ya shan komai. Simintin da ke tsakanin layuka shi ne ya sha. An kwaɓa soda cokali uku da feroksayid mai kashi 3 ya yi kaurin man goge baki, aka cusa a layin da burushin haƙori, minti goma sha biyar, aka goge aka ɗauraye. Da ya bushe aka bi da inzayim. A wuri ɗaya simintin ya riga ya tsage, fitsari ya shige ƙarƙashin sikatin, wato tayil ɗin gindin bango. An ƙwaƙule layin da ƙusa tsawon kamu uku, an ɗura inzayim da sirinji, sai ya bushe sarai za a cike da sabon farin siminti.

Gargaɗi kan wannan haɗin: a kwaɓa daidai wanda za a yi aiki da shi nan take. In aka zuba a kwalba aka rufe, iskar da yake fitarwa na iya fasa ta. Kuma ba a haɗa feroksayid da khal a mazubi ɗaya.

Juma'a, 15 ga Agusta

Kujera mai cin mutum uku, ita ce uwar aikin. Matasan zaman suna da zif, an cire rigunan. Soson na dama ya yi tabo ruwan ƙasa har ya fito ta ɗaya fuskar, kaurin inci huɗu ya ratsa duka. Na tsakiya bai wuce inci ɗaya ba.

Rigunan: an jiƙa minti talatin a ruwan sanyi lita biyar da khal kofi ɗaya, wannan ke karya amoniya. An ɗauraye sau uku, aka jiƙa awa biyu cikin inzayim, sannan aka wanke da sabulu kaɗan aka shanya a inuwa. Ba a yi musu guga ba, kuma ba za a yi ba sai an tabbatar warin ya fita, don dutsen guga shi ke ɗaure wari ɗaurin da ba ya kwancewa.

Soson tsakiya an sa shi a baho ana takawa ana canza ruwa, sau shida. Daga nan aka ɗura inzayim da sirinji a wuri tara, tazarar yatsu uku-uku, mil 20 kowane wuri, aka matsa da hannu ya bazu, aka naɗe a leda ya kwana. Soso ba a murɗe shi kamar zane, yagewa yake yi. Tsakanin tawul biyu ake sa shi a taka.

Na daman kuwa mun kira mai ɗinkin kujeru daga Fanteka. Ya matsa shi sau ɗaya, ya sansana hannunsa, ya ce da matar gidan: "Hajiya, wannan ya riga ya sha ya ƙoshi. Ko an wanke yau, damina mai zuwa sai ya tuna miki." Gaskiyarsa. Maganin da soson zai sha kafin ya ratsa inci huɗu ya fi kuɗin yanko sabo, ga shi a wannan laimar zai yi mako bai bushe ba, fumfuna ta kama cikinsa. An yanko sabo, aka sa masa rigar leda mai laushi kafin a mayar da rigar yadin.

Bayan kujerar, inda muzuru ya yi feshi, ba ya cirewa. Aka kifa ta, aka ɓalle baƙin yadin da ke ƙasa. Fitsarin ya bi yadi ya sauka kan katakon firam, wurin ya yi baƙi. Yadin an fesa masa inzayim ciki da waje har ya jiƙe, bayan an gwada a wani lungu an ga launi bai zuba a farin tawul ba. Katakon an bar shi sai mako mai zuwa, tare da kabad.

Laraba, 20 ga Agusta

Ɗakin yara ya nuna mana abin da tocilan ba ta gani ba. A saman leda tabo biyu ne ƙanana, amma da aka yaye ta sai da kowa ya ja baya ya toshe hanci. Fitsarin ya bi mahaɗar leda biyu ya kwanta a ƙasa, ya mamaye kusan rubu'in ɗakin, simintin ya yi baƙi da farin gishiri a gefe-gefe. Leda ta hana shi bushewa tsawon watanni. An naɗe ta an fitar, ba ta gyaruwa.

Daɓen siminti kamar tukunyar ƙasa yake, yana sha yana kuma mayarwa. An share gishirin a bushe tukuna, da takunkumi a hanci. Aka wanke da ruwa da sabulu kaɗan da burushi mai tauri, aka kwashe ruwan da tsumma maimakon a kora shi ya bazu zuwa inda bai kai ba. An ɗauraye sau biyu. Ba mu sa khal ba, asid na cin siminti ya ƙara buɗe ƙofofinsa. Inzayim aka kwarara har ya kwanta a sama, aka rufe da leda awa ashirin da huɗu. In wuri ya tsotse da sauri, a ƙara masa, nan ne ya fi zurfi.

Muzuru kuma an kai shi asibitin dabbobi an yi masa fiɗiya, macen ma an duba ta. Dalilin duba ta shi ne kyanwar da ta saba da wurinta in ta fara yi a kan kafet ko leda, sau da yawa ciwon mafitsara ne. Mai muzuru ya riƙe wannan: in ya ga yana yunƙuri fitsari ba ya fita, ko yana fita ɗigo-ɗigo da jini, kar a kwana, toshewar mafitsara na kashe shi cikin kwana biyu zuwa uku. Fiɗiya na tsayar da feshi a mafi yawan muzurai, ƙarfin warin ma na raguwa, sai dai yakan ɗauki makonni.

Litinin, 25 ga Agusta

Baranda ta samu matsala. Wani cikin yaran gida ya ga khal ya yi aiki a rigunan kujera, ya tuttula shi tsagwaronsa a kan tarazo inda kare ke fitsari. Tsakuwar tarazo dutsen marmara ce, asid na cinye ta. Wurin ya dushe ya yi kaushi, faɗin tire. Wanki ba ya dawo da wannan, sai mai injin gurzar tarazo ya zo ya sake goge shi. Lemon tsami da ruwan wankin masai ma haka suke yi masa.

Tabon ɗorawan da ke ɗaya kusurwar an yi masa yadda ya dace: sabulu da ruwa, sannan farin tsumma da aka jiƙa da feroksayid mai kashi 3, leda a sama an danne gefenta da salatif, ya kwana. Ya yi haske sosai, za a maimaita sau ɗaya. Ƙafar ƙofar ƙarfe da karen ke ɗaga wa ƙafa ta fara tsatsa, an kankare an shafa jan fenti.

Katako: firam ɗin kujera itace ne na gaske, an goge da sanfefa, aka ɗora tsumman feroksayid awa huɗu, baƙin ya koma ruwan ƙasa. Baƙin nan amoniya ce ta haɗu da sinadarin da ke cikin itacen, ba datti ba ne da za a wanke. Da ya bushe aka shafa shalak, wani irin banish na katako, hannu biyu ya rufe sauran warin. Ƙafar kabad kuwa ta matsattsen garin katako ce, ta kumbura tana marmashewa, kafinta ya yanke ya sa sabuwa.

Asabar, 30 ga Agusta

An tanadi baho uku na yashi inda kyanwowin za su riƙa fitsari da kashi, ɗaya fiye da yawansu. Yashin kogi ne da aka tankaɗe aka shanya, zurfin yatsu uku zuwa huɗu. Ɗaya a bayan kicin, ɗaya a lungun koridor, ɗaya kusa da inda macen ta saba yi, za a riƙa jan shi kaɗan-kaɗan zuwa inda ake so. Nesa da kwanon abincinsu, don kyanwa ba ta yi inda take ci. Wannan ma muka yi amfani da shi, aka ajiye ƙaramin kwanon abinci a gindin bangon da muzuru ya fi fesawa.

A kwashe kashi kullum, a juye yashin duka duk mako a wanke bahon da sabulu kawai. Mai juna biyu kar ta yi wannan aikin, saboda ƙwayar cutar toksofilasma da kashin kyanwa kan ɗauka. Ƙwayar sai ta kwana ɗaya zuwa biyar kafin ta iya kama mutum, shi ya sa kwashewar kullum ke da amfani.

In sabon fitsari ya faru: tawul a danna nan take, ruwan sanyi kofi ɗaya, a sake dannawa, sannan inzayim. Na minti goma da na wata goma ba aikinsu ɗaya ba.

Laraba, 10 ga Satumba

Gwajin falo: an rufe tagogi da ƙofa tun daren jiya bayan ruwan sama, babu fanka babu turare, aka kira maƙwabciya ta shiga da safe, don hancin 'yan gida ya riga ya saba. Ba ta ji komai a kafet da matasan kujera ba. Ta tsaya a bayan kujerar ta ce akwai ɗan abu. Tocilan ta nuna mun tsallake wani layi a ƙarƙashin hannun kujerar, an yi masa inzayim yau. Sabon feshi ɗaya aka gani tun bayan fiɗiya, a mako na farko, daga nan shiru.

Ɗakin yara bai kammala ba. Bayan zagaye na biyu na inzayim an manna leda mai faɗin kamu biyu a kan simintin da salatif ta kowane gefe, ta kwana. Da aka ɗaga, ƙasanta ya yi raɓa, simintin ya yi duhu, akwai kuma ɗan zarni. Ke nan daɓen na riƙe da ruwa. In aka shafa fentin ƙasa yanzu zai kumbura ya ɓare, in aka shimfiɗa sabuwar leda an koma gidan jiya. Za a bar shi a buɗe, taga a wangale da rana, yara na kwana a ɗaya ɗakin. Zagaye na uku ranar Asabar, a kusurwar gabas kawai. Za a riƙa gwajin leda duk mako biyu, fenti kuma sai ta fito a bushe sau biyu a jere, wanda bisa yanayin Kaduna ba ma sa ran haka kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba iskar hunturu ta fara kaɗawa. Mai gurzar tarazo ya ce zai zo Litinin.